Abin Sha na Hatsin da Ba a Surfe ba: Me Yake Yi wa Mai Ƙiba?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 manya kimanin biliyan 2.5 ne ke ɗauke da nauyin da ya wuce kima, kuma da yawansu suna neman abin sha da zai maye musu gurbin lemon kwalba. Wanda aka yi da hatsin da ba a surfe ba yana cikin abin da ake nuna musu, don haka ya dace mu san aikinsa a jiki.

Idan aka bar ƙwayar hatsi da dusarta, faiba (ɓangaren abincin da ciki ba ya iya sarrafawa) da yawancin bitamin suna nan. A cikin oat (wani hatsi dangin alkama) da sha'ir akwai wata faiba mai narkewa a ruwa da ake kira beta-glukan, wadda idan ta haɗu da ruwa a cikin hanji takan yi kauri da yauƙi, ta rage saurin shigar sukari cikin jini, sannan ta riƙe wani ɓangare na ruwan matsarmama ta fita da shi a bahaya. Dole hanta ta ɗebo kolestarol, wato wani nau'in kitse, daga jini domin ta haɗa sabon ruwan matsarmama, ta haka mummunan kitsen jini yake sauka. A 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince cewa giram 3 na wannan faiba a kullum na iya taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya, abin da ya shafi mai ƙiba kai tsaye.

Sai dai kowa ya duba kofinsa da kyau. Idan an tace abin shan har ya fito tsararo, dusar ta tsaya a rariya, amfanin ya ragu ƙwarai. Wasu kamfanoni kuma suna narkar da sitacin ya koma sukari, wasu su ƙara sukarin a kai, alhali hukumar ta duniya ta ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini.

Batun rage nauyi kuwa, a nan ne ake yawan cika baki. Abin da aka kurɓa ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna, saboda haka wanda ya ɗora kofi biyu a kan abincinsa na kullum ƙari ya yi wa jikinsa. Amfanin yana zuwa ne idan ya sha shi a madadin abin sha mai zaƙi. Mai ciwon sukari ya karanta adadin faiba da sukari a jikin kwali, ya kuma tuntuɓi likitansa kafin ya mayar da shi abin shan kullum.