Tarkon Ƙaguwa Mai Dalma: Yadda Za Ka Haɗa Naka da Hannunka

[Hoto: ɗan ƙaramin keji na waya a tafin hannu, zarge shida sun buɗe baki kewaye da shi]

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Ku dubi abin nan da ke tafin hannuna. Tsawonsa bai kai na wayar hannu ba, ba shi da ƙofar da ƙaguwa za ta shiga, ba shi da ƙugiya ko ɗaya. Amma da shi mutane ke tsayawa a gaɓar teku su jawo ƙaguwar da ta fi shi girma nesa ba kusa ba. A gaɓar Tekun Fasifik ta Amurka, daga arewacin Kalifoniya har Oregon da Washinton, masu kamun ƙaguwa don nishaɗi sun daɗe suna aiki da shi, musamman wajen farautar babbar ƙaguwar nan da ake kira Danjines. Ana sayar da shi a haɗe, amma duk wanda ya yi wannan harka ya san duwatsun ƙarƙashin ruwa suna cinye tarko kamar ba gobe. Shi ya sa da yawa suke zama su haɗa nasu.

Kafin mu taɓa filaya, bari mu fahimci yadda abin yake kamu, domin wanda bai gane wannan ba zai haɗa keji mai kyawun gani da ba ya kama komai.

[Hoto: zanen tarko a ƙasan ruwa, ƙaguwa na matsowa a kaikaice]

Kejin nan gidan abinci ne kawai. Ka cusa nama a ciki, ka rufe, ka wurga da sandar fatsa. Ƙaguwa ta ji ƙamshi, ta taho da tafiyar nan tata ta kaikaice, ta hau kan kejin tana tura hannu ta ramukan waya tana yagar nama. Tana cikin wannan hidima ƙafafunta da manyan hannuwanta suna shiga cikin zargen da ke kewaye. Zargen ba ya rufewa da kansa. Sai lokacin da ka ja zare, kejin ya yi gaba, nauyin ƙaguwar ya yi baya, sannan zargen ya shaƙe ƙafar. Ka sassauta kuwa, zargen ya sake buɗewa, ta zame ta yi tafiyarta. Wato rabin tarkon yana cikin ruwa, rabinsa yana hannunka.

[Hoto: kayan aiki a kan tebur]

Kayan ba su da yawa. Ragar waya mai ramuka rabin inci, in son samu ne wadda aka lulluɓe da roba, domin ruwan gishiri ba ya raga wa ƙarfe. Sai dalma, zaren nailan mai kauri, ƙananan bututun ƙarfe da ake matsewa don kulle zare, ƙarfen nan mai juyawa da masunta ke ɗaurawa tsakanin zare da ƙugiya, ɗaurin roba mai kulle kansa, da ɗan guntun roba mai talewa. Filaya biyu, ta yanka da ta matsewa. Ka sa safar hannu, don bakin wayar da aka yanka yana yanka fata kamar reza.

Kejin shi ne mafi sauƙi, ba za mu daɗe a kansa ba. Ka yanko raga, ka lanƙwasa ta a jikin guntun katako don kusurwoyin su fito tsaf, ka samu akwati mai tsawon santimita 10, faɗi 5, tsayi kamar 4. Ka ɗinke gefuna da ɗaurin roba ko guntayen waya. Saman ka bar shi ya zama murfi, gefe ɗaya a ɗaure yana buɗewa kamar ƙofa, ɗaya gefen kuma robar mai talewa ta riƙe shi. Robar nan ta kama kam. Murfi mai sako-sako yana buɗewa tun a iska, naman ya tafi gabas, tarko ya tafi yamma. Duk tsinin wayar da ya leƙo ka danne shi ciki ko ka goge shi, saboda shi ne zai riƙa cin zarenka a hankali.

[Hoto: ana shimfiɗa dalma a ƙasan kejin]

Yanzu ga inda maganar take. Dalma.

Mutane suna ɗauka aikin dalma shi ne ta nutsar da tarko. Wannan ƙaramin aikinta ne. Babban aikinta shi ne ta sa tarkon ya sauka a kan cikinsa, murfi a sama, zarge a baje, sannan ya zauna daram ko da ruwa yana ja. Tarkon da ya kife ya danne rabin zargensa a cikin yashi. Tarkon da ke gangarawa kuwa ƙaguwa ba ta samun zama a kansa, ga shi yana tafiya yana neman ramin dutsen da zai maƙale.

Saboda haka dalmar ta zama mai faɗi, shimfiɗaɗɗiya, a can ƙasan kejin, a ɗaure ta yadda ko ka girgiza ba za ka ji motsi ba. Tarkona na farko, dunƙulalliyar dalma na jefa ciki na rufe, ina ganin na yi dabara. Duk jifa sai ta gangara kusurwa ɗaya, tarkon ya sauka a karkace. Wuni guda ina ciyar da ƙaguwa kyauta, ban san laifin daga ina yake ba. Da na dawo na saka shi a bokiti na gani da idona.

Nawa ne nauyin? Yawanci tsakanin oza 4 zuwa 8, wato kamar giram 110 zuwa 230. Inda ruwa yake kwance, a cikin lungun teku ko ƙarƙashin gadar masunta, oza 4 ta isa. Inda igiyar ruwa ke dukan gaɓa, ka haura 6 ko 8. Sai dai ka tuna sandarka ce za ta ɗauki wannan kaya, kuma ba dalmar kaɗai ba, har da keji da naman da ka cusa. A jikin kowace sandar fatsa an rubuta iyakar nauyin da za ta iya jefawa. Ka karanta. Wanda ya ɗora wa sanda abin da ya fi ƙarfinta zai ji ƙarar da ba zai manta ba.

Wasu suna narka dalma su zuba ta kai tsaye a ƙasan kejin, ta daskare ta rungume wayar. Gaskiya wannan ya fi kowanne zama, amma ni ban cika ba sabon hannu wannan shawara ba. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Salsiyas, guba ce ga jiki, kuma ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa cikin narkakkiyar dalma sai ta yi tartsatsi ta fantsamo wa mutum a fuska. In ka dage sai ka yi, to a fili, da tabarau da safar hannu, kayan aiki a bushe ƙayau, yara a nesa, tukunyar kuma ta yi bankwana da girki har abada. Hanya mai sauƙi ita ce ka sayi dalmar masunta mai faɗi, ko ka daddale dunƙulalliya da guduma, ka ɗaure ta da waya. Ka wanke hannu bayan ka gama.

Wanda ba ya son barin dalma a cikin teku, tunda tarko kan ɓata, yana iya sa guntayen rodi ko farantin ƙarfe. Abin lura kawai, ƙarfe bai kai dalma nauyi ba. Kafin ka samu nauyi iri ɗaya sai ka sa ƙarfen da ya kusa ninki ɗaya da rabi a girma, kuma wurin nama yake cinyewa. Sai ka ɗan ƙara wa kejin tsayi.

[Hoto: hannu na lanƙwasa zare, ana matse bututu da filaya]

Sai zarge. A nan abin da ake nema a zare taurinsa ne, fiye da ƙarfinsa. Zare mai laushi yana kwanciya a yashi kamar taliya, ƙaguwa ta taka shi ta wuce. Wanda ya cika tauri kuma ba ya shaƙewa da wuri. Masu haɗawa da yawa suna amfani da zaren fatsa mai kauri, irin mai ɗaukar laba 100 zuwa sama, wasu kuma zaren injin yankan ciyawa mai kaurin milimita ɗaya da rabi ko ɗan fiye. In na injin ciyawa za ka ɗauka, ka nemi mai zagayayyen jiki. Mai kusurwoyi yana cijewa a ido, ba ya zamewa.

Ka yanki kamar santimita 40. A baki ɗaya ka lanƙwaso ɗan ƙaramin ido, ka zura bututu ka matse. Idon nan ya ɗan fi kaurin zaren faɗi, yadda zaren zai riƙa wucewa sumul. Wasu ma ɗan zoben ƙarfen nan da ake matsewa a bakin wayar lantarki suke maƙalawa a matsayin ido, kuma yana aiki. Sai ka ɗauko ɗaya bakin ka zura ta cikin idon, ga zarge ya fito. Wannan bakin shi za ka kai jikin kejin, ka zagaya da shi kan waya, ka matse da wani bututun. Kada ka matse har ƙarfen ya ci zaren, domin a nan yake tsinkewa ranar da babbar ta shiga.

Gwada shi da yatsa. Zura yatsanka, ja kejin. Ya shaƙe nan take? Saki. Ya koma ya buɗe da kansa? In ya tsaya a rufe, ko idon ya yi ƙanƙanta ko zaren ya yi laushi. Zaren da ya murɗe saboda daɗewa a naɗe, ka zagaya shi a jikin gwangwani, ka tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci, ka tsoma a na sanyi, zai riƙe siffar da'ira.

Guda shida ake sawa, kuma ba don ado ba. Dokar Kalifoniya ta ce irin wannan tarko kada ya wuce zarge shida. Ni nakan sa biyu a kowane dogon gefe, biyu a baya, in bar gaba fayau inda zaren sanda zai kama, don kada su harɗe lokacin jifa. Ka ɗaura su ƙasa-ƙasa, kusa da dalma, su ɗan ɗago daga yashi kaɗan, daidai inda ƙafa ke wucewa. Kuma kada su hau kan juna da yawa, sai su shaƙe junansu maimakon ƙaguwa.

Ƙarfen mai juyawa kuma a gaba, a tsakiya, a jikin waya mai ƙwari. Shi ke hana zarenka murɗewa idan tarko yana juyi a hanyar dawowa.

[Hoto: ana sakin tarko cikin babban bokitin ruwa]

Kafin ka tafi teku, ka cika bokiti, ka saki tarkon sau goma ta fuskoki daban-daban. In ya kife ko sau biyu ne, koma kan dalma.

[Hoto: gaɓar teku, mutum na jifa da doguwar sanda]

A bakin ruwa, ka cusa abin da ke da ƙamshi kuma ba ya saurin yagewa. Sikwid, wata halittar teku mai hannuwa da yawa, yana da tauri, kifi mai maiƙo irin sadin yana da ƙamshi, haɗa su ya fi kowanne shi kaɗai. Naman kaza ma yana yi. Ka cika kejin dam. Sanda doguwa, mita 3 zuwa 3 da rabi, ka yi jifa a natse ba da fizga ba, ka nemi wuri mai yashi. Ka jira minti 10 ko kusa da haka. Sannan ka sunkuyar da sanda, ka naɗe zaren da ya saki a hankali har ka ji nauyin tarkon, ka ɗaga da ƙarfi sau ɗaya, ka ci gaba da naɗi ba tsayawa. Ko hannu ya gaji, ko wani ya kira sunanka, kada ka tsaya. Yawancin ƙaguwar da ke kuɓucewa a bakin gaɓa take kuɓucewa, lokacin da igiyar ruwa ta turo tarkon gaba, zare ya saki na daƙiƙa ɗaya. In kana kan duwatsu, kada ka juya wa teku baya. A wannan gaɓa akan samu igiyar da ke tasowa ba zato ta share mutum.

Ta iso? Ka kama ta ta baya, inda hannuwanta ba sa kaiwa, ka sassauta zargen, ka ɗauko ma'auni. A Kalifoniya Danjines sai faɗin ɓawonta ya kai inci 5 da uku bisa huɗu, kusan santimita 14 da rabi, ba a lissafa tsinin gefe, kuma guda 10 ne iyaka a rana. Ba a ɗaukarta a cikin lungun tekun San Faransisko, sannan wannan tarko a arewacin Point Arguello, wani wuri a gaɓar Kalifoniya, kaɗai aka yarda da shi. A Oregon ma'aunin ɗaya ne, iyaka 12, amma maza kawai. Juya ta ka duba cikinta: murfin cikin namiji siriri ne, na mace mai faɗi. Waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa, har lokacin buɗe kamun ma, kamar yadda aka jinkirta shi a Kalifoniya a 2015 saboda wata guba da ke fitowa daga gansakukar teku ta taru a jikin ƙaguwa. Ka duba sanarwar hukumar yankin da batun lasisi kafin ka fita.

Wadda ba ta kai ba, ka mayar da ita ruwa a hankali. Wadda ta kai, ka ajiye ta a inuwa cikin sanyi, ka rufa mata jiƙaƙƙen tsumma. Kada ka bar ta a bokitin ruwan da ba ya sauyawa, iskar ciki na ƙarewa ta mutu, matacciyar ƙaguwa kuwa ba ta jimawa take lalacewa.

[Hoto: ana wanke tarko a famfo, ana rataye shi]

In ka dawo, ka zubar da ragowar naman, ka ɗauraye tarkon da ruwan famfo, ka bi zargen ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Duk wanda ka ji ya yi kaushi ko ya karye a lanƙwasa, ƙaguwa ta gwada shi da hannunta, ka yanke ka sa sabo. Sannan ka rataye shi, kada ka cusa a jaka wani kaya ya danne zargen ya kwana a haka.