Amsoshin Tambayoyinku: aikin tutiya wajen ƙera zoben kabon mai kusurwa uku

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun da muka ware yau duka na kimiyyar haɗa sinadarai ne, shi ya sa muka gayyato malamin da ya daɗe yana koyar da fannin a jami'a. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai, Hajiya. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko ta wani ɗalibi ce daga Zariya. Ya ce: "An koya mana haɗin Simmons da Smith, wanda ake amfani da tutiya a ƙera saikulofurofen. Na haddace, amma ban gane aikin tutiyar ba, tunda babu ita a cikin abin da ake samu a ƙarshe."

Malam: Madalla da ɗalibin da hadda ba ta ishe shi ba. Saikulofurofen zobe ne na ƙwayoyin kabon guda uku, kowace kusurwa digiri 60. Shi kuwa kabon, in an bar shi ya sake, digiri 109.5 yake so. Ke nan a matse yake, kuma matsin ya kai kusan kilokalori 27 a kowane mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari. Zobe irin wannan ba ya ɗauruwa da arha.

Hanyar da hankali zai fara kawowa ita ce a samo olefin, wato sinadarin da kabon biyu a cikinsa ke riƙe da juna da ɗauri biyu, a ɗora musu kabon na uku mai ɗauke da haidurojin biyu, CH2, a kai. Matsalar tana wurin CH2 ɗin. In aka sake shi shi kaɗai, abin da muke kira kabin, ba ya da linzami. Duk ɗaurin kabon da haidurojin da ya ci karo da shi sai ya kutsa, har ruwan da aka narka kayan a ciki bai tsira ba. Ga shi kuma diyazometen da ake samo shi daga ciki iska ce mai guba, mai fashewa.

A 1958 Howard Simmons da Ronald Smith, ma'aikatan kamfanin DuPont a Amurka, suka fito da mafita. Suka haɗa dayayodometen, CH2I2, da garin tutiya da aka gauraya da ɗan jan ƙarfe, a cikin ruwan narka sinadarai da ake kira ita (ether). Tutiya ta shiga tsakanin kabon da aidin ɗaya, aka sami ICH2ZnI. Tun 1929 wani Bafaranshe, Guy Emschwiller, ya yi wannan haɗi ya kuma yi hasashen abin da ke samuwa, sai dai bai kai shi gaban olefin ba.

To ga aikin tutiya. Kin san a ƙasar Hausa ba a sakin amarya ta nemi gidan miji da kanta; gwaggo ce ke riƙe da hannunta har ɗaki. Haka tutiya ke riƙe CH2, ba ta saki sai ya dafa kabon biyun nan a lokaci guda, sannan ta janye da aidin biyu a matsayin ZnI2. Babu daƙiƙar da kabin ya yi yawo a sake.

Mai gabatarwa: Ta yaya aka tabbatar lokaci guda ne, Malam, tunda ido ba ya gani?

Malam: Daga siffar abin da ya fito. In rassan olefin biyu suna gefe ɗaya, a zoben ma gefe ɗaya za a same su. In suna hannun riga, haka za su fito. Da a ce ɗauri ɗaya ke fara ƙulluwa sannan na biyu ya biyo baya, da an sami ratar da ƙwayar za ta juya, a tashi da gauraye. Ba a samun gaurayen. Wannan shi ne abin da ya kamata ɗalibin nan ya rubuta a jarrabawa, ya kuma kawo misalin saikulohekzin da ke komawa nokaren. Ya ƙara da cewa kabon ɗin da tutiya ke riƙe da shi mayunwacin ilektiron ne, don haka olefin mai wadatar ilektiron ya fi saurin karɓarsa, wanda aka tatse kuwa da kyar yake motsi.

Mai gabatarwa: Sai wasiƙar wata mai karatun digiri na biyu daga Sakkwato. Ta ce ta gwada haɗin da tutiya da jan ƙarfe, wani lokaci ya tashi, wani lokaci shiru. An ba ta shawara ta koma ga dayetil-zink, wani sinadarin tutiya mai ruwa-ruwa. Tana tambaya ko ta bi shawarar.

Malam: 'Yata, kada ki yi gaggawa. Kukan da kike yi tsoho ne. Garin tutiya yana yin tsatsa a fatarsa, aikin kuma a kan fatar yake faruwa, shi ya sa na yau ba ya kama da na jiya. Wannan ne ya sa Junji Furukawa da abokan aikinsa a Kyoto ta Japan suka kawo dayetil-zink a 1966. Ruwa ne, yana narkewa tsaf, ana auna shi daidai, ana iya aiki da shi cikin sanyin ƙanƙara, kuma sakamakonsa ba ya yawan saɓawa. Wanda ya ba ki shawara bai yi ƙarya ba.

Abin da bai gaya miki ba shi ne dayetil-zink yana kama wuta da kansa da zarar ya shaƙi iska. Ba ashana, ba tartsatsi. Edward Frankland, Baturen Ingila da ya fara samar da shi wajen 1849, ya ga wannan hali da idonsa. In ya taɓa ruwa abin ya fi muni, don haka ba a kashe wutarsa da ruwa. Ko wanda ake sayarwa a narke cikin hekzen, sai da busassun kwalabe, da iskar naitirojin ko agon da ba ta yankewa, da sirinji mai kulle, da wanda ya ƙware tsaye kusa da ke. In ɗakin gwajinku ba ya da waɗannan, ni ban yarda ki taɓa shi ba, ko da digirin zai yi jinkiri.

Ki fara gyara abin da ke hannunki. Ki wanke garin tutiyar da tsarman asid, ki haɗa shi da gishirin jan ƙarfe ranar da za ki yi aiki, ba wanda ya kwana a kwalba ba. Ruwan ita (ether) ya kasance babu ɗigon danshi a cikinsa. Dayayodometen in ya yi ja, haske ya ɓata shi. A kwalba mai duhu ake ajiye shi da ɗan silin jan ƙarfe a ciki. Ɗan ƙwayar aidin yakan tayar da haɗin. Kuma in ya yi shiru kada ki juye sauran kayan gaba ɗaya, don yakan yi likimo sannan ya tashi da zafi. Ruwan ita yana tafasa a wajen digiri 35, zafin bazara a Sakkwato kuwa ya wuce haka, sai ki tanadi ruwan ƙanƙara a bututun sanyaya tururi.

Mai gabatarwa: Ta kuma ce olefin ɗinta yana da OH, wato reshen oksijin da haidurojin, a kusa da ɗauri biyun.

Malam: To ai ta ci sa'a! Nan ne wannan haɗi ya fi burge ni. Oksijin na OH yana kama tutiya, ya jawo ta kusa, sai a miƙa CH2 ta gefen da OH yake. Saurin yakan ninka fiye da sau dubu. Saul Winstein da ɗalibansa a Kalifoniya na cikin waɗanda suka fara lura da haka. A zoben kabon shida mai OH dab da ɗauri biyun, sabon zoben gefen OH yake fitowa, kusan ba gauraye.

André Charette na Jami'ar Montreal a Kanada ya ɗora a kai a 1994. Ya ƙera wani mataimaki mai boron daga asid ɗin tatarik, irin wanda ke sa tsamiya tsami, wanda ke tilasta a sami siffa ɗaya daga cikin siffofi biyun da suke kamar hannun dama da na hagu, sau da yawa sama da kashi 90 cikin 100. Da dabararsa ƙungiyar Anthony Barrett a Landan ta ƙera FR-900848 a 1996, sinadarin kashe fangas mai zoben nan har biyar. Shi kansa Charette ya yi gargaɗi a 1995 cewa haɗin na iya fashewa in aka yi shi da yawa ba tare da an tausasa shi ba. Sai Yian Shi a 1998, wanda ya ƙara asid ɗin tirayfuloro-asetik ya sami nau'in da ke iya tanƙwara olefin masu taurin kai.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani mai shagon magani a Maraɗi. Ya ce ya ji maganin da ke jikin gidan sauro yana da wannan zobe, shin da tutiya ake yin sa?

Malam: Rabin farko gaskiya ne, Alhaji. Fametirin da deltametirin, waɗanda Michael Elliott da abokansa suka ƙirƙiro a Rothamsted ta Ingila a farkon shekarun 1970, suna da shi. Sun kwaikwayi sinadarin furen fairetiram ne, wanda ake nomawa a Kenya da Tanzaniya. Sifurofuloksasin, maganin ƙwayoyin cuta da ke kan kantarka, shi ma yana da shi. Amma ba ta wannan hanya ake ƙera su ba. Zoben maganin sauro yana ɗauke da rassa ta ko'ina, ba CH2 tsura ba ne. Sannan ga lissafi: nauyin mol ɗaya na dayayodometen giram 268 ne, giram 14 kacal ke shiga zoben, sauran aidin ne mai tsada da zai tafi shara. Wanda zai yi tan-tan na maganin sauro ba zai jure wannan asara ba. Inda tutiya ke cin kasuwa shi ne magani mai daraja da ake sha kaɗan-kaɗan, wanda dole siffarsa ta fito daidai, kamar sazagiliftin na ciwon suga da Amurka ta amince da shi a 2009. Da dayetil-zink aka ɗaura zobensa.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malam, Allah ya ƙara basira. Masu sauraro, a ci gaba da aiko da wasiƙu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.