Amsoshin Tambayoyinku: Fiona Onasanya da Kiranyen Farko a Birtaniya

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya rubuto yana tambaya ko gaskiya ne an taɓa yi wa wata lauya 'yar asalin Najeriya kiranye daga majalisar dokokin Birtaniya, kuma mene ne laifinta.

Malam, gaskiya ne. Sunanta Fiona Onasanya, an haife ta a Ingila a 1983, iyayenta kuma 'yan Najeriya ne. Lauya ce da ta ƙware a harkar filaye da gine-ginen kasuwanci kafin ta shiga siyasa a jam'iyyar Labour, inda a zaɓen watan Yunin 2017 ta kayar da ɗan jam'iyyar Conservative a mazaɓar Peterborough da ratar ƙuri'u 607 kacal.

Abin takaici shi ne, matsalar ta faro ne daga laifin da tara kaɗan za ta kashe shi. A watan Yulin wannan shekarar kyamarar kan hanya ta kama motarta tana gudun mil 41 a sa'a a wurin da doka ta ƙayyade 30, amma da aka mayar wa 'yan sanda takardar bayani, sai aka ga an rubuta cewa wani ɗan Rasha ne yake tuƙi, alhali bincike ya nuna yana ƙasarsu a lokacin. Ta musanta cewa ta yi ƙarya, sai dai a watan Disambar 2018 kotun Old Bailey ta same ta da laifin karkatar da shari'a, a watan Janairun 2019 aka yanke mata ɗaurin wata uku, jam'iyyarta ta kore ta, daga baya kuma aka cire sunanta daga rajistar lauyoyi.

Ta ƙi sauka daga kujerarta, don haka aka koma ga dokar kiranye ta 2015, wadda ta ce idan kashi 10 cikin 100 na masu rajistar zaɓe suka sa hannu cikin mako shida, kujerar ta zama babu kowa. Mutum 19,261 suka sa hannu, ta rasa kujerar ranar 1 ga Mayun 2019, ita ce ta farko da dokar ta tsige.

A Najeriya kuwa tsarin mulki yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista kafin a kai ga ƙuri'ar raba gardama, shi ya sa yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye a 2018 ya ci tura tun a matakin tantance sa hannu.