Amsoshin Tambayoyinku: Malamin asirin da ba a ganin fuskarsa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu biyu ne a gabana yau, kuma kamar an haɗa baki, zare ɗaya suka ja, kowa daga nasa bakin.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce da ta roƙi mu sakaya sunanta. Ta ce ta ci karo da wani mutum a intanet mai koyar da ilimin taurari da abin da ya kira sirrin haruffa. Ba ya nuna fuska, laƙabi kawai yake amfani da shi, amma da suka zanta ya faɗa mata abubuwa game da halinta har tsigar jikinta ta tashi. Yanzu ya ce kafin ya karɓe ta ɗaliba sai ta turo hotonta da ranar haihuwarta da sunan mahaifiyarta. Tana tambaya: ta tura?

To Malama, abin da malaman addini suka ce game da duba kin san shi, ba sai na maimaita ba. Ni ta fuskar damfara zan ɗauki tambayar. Mu fara da tsigar jikin nan. A 1948 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwaji, daga baya ya miƙa wa kowa takarda ya ce ga bayanin halinka. Ya ce kowa ya ba takardar maki daga 0 zuwa 5, gwargwadon yadda ta dace da shi. Matsakaicin makin ya haura 4. Ashe takarda ɗaya ce ya raba musu duka, kuma daga wani littafin taurari na bakin titi ya tsinto maganganun: kana da baiwar da ba ka yi amfani da ita ba, a fuska kana da dakiya amma ciki da damuwa. Wa za a faɗa wa haka ya ce ƙarya ne?

Idan kuma abin da ya faɗa miki ya wuce irin wannan, ya kai ga sunan ƙanwarki ko rashin lafiyar da kika yi bara, ki tuna da Peter Popoff. Mai wa'azi ne da yake kiran mutum daga cikin taro da sunansa, ya faɗi adireshinsa da ciwonsa. A 1986 James Randi, mai tona asirin masu da'awar mu'ujiza, da abokan aikinsa suka kamo muryar matar Popoff a na'ura, tana karanto masa bayanan ta wata 'yar rediyo da ke kunnensa, daga katunan da mutanen suka cike da hannunsu. Yau mai irin wannan sana'a ba ya buƙatar mata a bayan labule. Shafinki na Facebook ya ishe shi.

Amsar tambayarki kuwa: kada ki tura. Sunan mahaifiya da ranar haihuwa suna cikin tambayoyin da bankuna da ma'aikatu da yawa ke tantance mutum da su. Hoto kuma ya fi yadda kike gani baki. Wayar da ta ɗauke shi kan rubuta lokaci, wani sa'in har da wurin da kike tsaye, kuma in kin aika shi a matsayin fayil, bayanin na bin sa. Da irin haka aka gane John McAfee, wanda ya kafa kamfanin manhajar kariyar kwamfuta ta McAfee, yana Gwatamala a 2012, lokacin da yake gudun 'yan sanda, daga hoto ɗaya da 'yan jarida suka wallafa. Balle kuma wanda zai riƙe hoton da sirrin da kika zayyana masa, ran da kika daina biya ya ce zai aika wa maigida.

Ɓoye sunan nasa bai dame ni sosai ba, zan faɗi dalili in mun zo wasiƙa ta biyu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne mutum ya rufe tasa tukunyar ruf, ya ce ki buɗe taki ya leƙa.

Ga abin da za ki iya yi ba ki kashe ko sisi ba. Ɗauki hotunan shafinsa ki saka a Google Lens ko TinEye, masu binciko inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, ki ga ko na wani ne aka sato. Kwafo sakin layi ɗaya daga darasinsa ki bincika, sau da yawa za ki iske shi a rubutun wani kalma da kalma. In ya ce shekara ashirin yana koyarwa, Wayback Machine na ajiye tsofaffin shafuka, ki duba yaushe nasa ya ɓullo. Sannan ki tambaye shi a wajen wa ya yi karatu. Muhammad ibn Sirin ya ce a duba daga wanda ake ɗaukar ilimi, kuma ko'ina maganar na aiki. Sai dai silsila ma ana ƙera ta. Ƙungiyar asiri ta Golden Dawn da aka kafa a Landan a 1888 ta jingina izininta ga wasiƙun wata Bajamushiya, Anna Sprengel, wadda masu bincike ba su taɓa samun sawunta ba, kuma da yawansu na ganin wasiƙun ƙirƙira ce. Saboda haka in ya ambaci malami, a nemi malamin. Mafi amfani duka: ki samo ɗalibin da ya bar shi. Masu yabo a shafinsa shi ya zaɓo su.

Wasiƙa ta biyu daga wani malam ce, shi ma irin wannan fanni yake koyarwa, da laƙabi. Ya ce yana da aikin ofis da iyali, ba ya son a san shi, amma wasu ɗalibai sun fara cewa duk mai ɓoye suna macuci ne. Me zai bayyana, me zai bari?

Malam, tsoronka na kan hanya. A Ingila sai 1951 aka soke dokar maita, kuma har yau akwai ƙasashen da zargin tsafi ke kai mutum kurkuku, ko ya rasa aikinsa. Sunanka na yanka, gidanka, 'ya'yanka, wurin aikinka, ba hakkin ɗalibi ba ne. Amma akwai abin da yake hakkinsa. Ka tsaya kan laƙabi ɗaya shekara da shekaru, domin mai sauya suna duk bayan wata shida ramin kura yake haƙa wa mutane. Ka faɗi littattafan da ka dogara da su yadda kowa zai je ya duba. Kuɗin karatu a rubuce tun farko, ba sai an yi nisa a ce akwai wani mataki na sirri da sabon farashi ba. Kada ka yi alkawarin warkar da ciwo ko dawo da miji. In da hali, ka samu mutum ɗaya ko biyu da jama'a suka sani kuma suka yarda da su, su san ko kai wane ne, su tsaya maka shaida ba tare da sun fallasa ka ba.

Sai ka tambayi kanka me kake karɓa daga ɗalibai. In kana neman hotunansu da sunayen iyayensu alhali naka a rufe, to wasiƙar farko da kai take.

Mai kula da na'ura na ɗaga min hannu. Akwai wasiƙa ta uku kan masu sayar da laya ta WhatsApp, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.