Darasi: Yadda ake kwana da ɗumi a ƙaramar tirelar kwana lokacin sanyi

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Yau daga Aviemore nake magana da ku, a gindin tsaunukan Cairngorms da ke Sikotlan. Watan Oktoba muke ciki, kuma da na tashi sallar Asuba ma'aunin da ke jikin ƙofa digiri 2 yake nunawa. Wannan da kuke gani a bayana ita ce tirelar tawa. Ba irin tirelar ɗaukar kaya da muka sani a gida ba ce, ɗan ƙaramin ɗaki ne mai taya biyu da ake ja da mota, a nan karaban suke ce mata. Gado ɗaya ne a ciki, da murhun gas, da wurin ajiye kaya.

Yawancin masu tambayata hita suke fara tambaya a kai. Ni kuwa daga ƙasa nake farawa. Ƙanena, sauko da kyamarar nan su gani. Yauwa. Daɓen nan katako ne siriri, iska na wucewa ta ƙarƙashinsa dare farai, don haka ƙafa ce ke fara jin sanyi. Na shimfiɗa tabarmar soso, na ɗora darduma mai kauri a kai. Haka gado ma. Bargo ɗaya a ƙarƙashinka ya fi maka amfani a kan ka ƙara na uku a sama, domin katifar ce ke shanye ɗumin jikinka. Tagogi kuma, ga wannan leda mai ƙyalli da kumfa a tsakiya, na yanka ta daidai girman kowace taga, ina saka ta da zarar rana ta faɗi, sannan in ja labule.

To, yanzu ku saurara da kyau, don saboda wannan maganar na yi bidiyon nan.

In sanyi ya kama mutum, abin da zuciyarsa ke raya masa shi ne ya toshe duk wata kafa da iska ke shigowa. Kada ka yi haka. Ku dubi wannan 'yar tagar da ke saman rufi, kullum a ɗage nake barin ta kamar faɗin yatsu biyu, komai sanyin dare. Dalilin farko laima ce. Mutum biyu da suka kwana a wuri kamar wannan, numfashinsu kaɗai ya isa ya jiƙe bango. Gas kuma in yana ci, ruwa yake fitarwa: kilo 1 na gas ɗin furofan yana sakin ruwa sama da kilo 1 da rabi a cikin iska. Tururin nan ba shi da inda zai je sai jikin taga, da bango, da ƙarƙashin katifa. Bargo mai laima kuwa ba ya riƙe ɗumi. Sai ka ga mutum ya rufe ko'ina amma yana rawar ɗari, bai san jiƙewar kayansa ce ta jawo ba.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne iskar kabon monoksaid. Mu da muka taso da hunturu mun san labarin kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, safiya ta yi a tarar da mutane sun galabaita, wani lokacin ma rai ya yi halinsa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu ta wannan hanya. Iskar ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai take fara sa mutum, sai jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi. Wurin da ke bayana bai kai rabin ɗakin kwana ba, ku ƙiyasta yadda za ta cika shi da sauri. Don girman Allah kada a kunna murhun girki don a ji ɗumi, kada a shigo da gawayi ko da ya zama kamar ya mutu. Ga na'urar ƙararrawa mai gano wannan iskar nan a jikin bango, ina danna maɓallinta kafin kowace tafiya in ji ta yi ƙara. Sannan akwai 'yan ramuka a daɓe kusa da murhu. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ta nan yake fita, don haka darduma ba ta hawa kansu.

Sai maganar hita. In filin da ka sauka yana da wutar lantarki, ƙaramar hita mai mai a ciki ta wadatar, ba harshen wuta, ba hayaƙi. Amma ka tambayi ƙarfin wutar tukuna. Wasu filaye amfiya 16 suke bayarwa, wasu 10. Amfiya 10 a wutar Birtaniya wat 2,300 ke nan, in hitar na cin wat 2,000 ka jona butar shayi, nan take wuta za ta ɗauke. Ni a wat 500 zuwa 800 nake barin tawa. In babu lantarki, akwai hitar dizal irin ta Webasto ko Eberspächer, wadda ke fitar da hayaƙinta waje ta bututu, amma gwani ne ya kamata ya haɗa maka.

Gas ma iri biyu ne. Butan, mai shuɗiyar tukunya, yana daina tashi idan sanyi ya kusa digiri 0. Furofan, mai jar tukunya, yana aiki har digiri 42 ƙasa da sifili. Daga kaka zuwa ƙarshen sanyi, jar nake ɗauka.

Kafin in kwanta nakan cika gorar roba da ruwan zafi in tura ta ƙarƙashin bargo wajen ƙafa, in sa hula da safa busassu, ba waɗanda na yini da su ba. Ragowar ruwan kuma in zuba a filas, shi ne na alwalar Asuba.

Da gari ya waye, ga abin da nake yi, ku gani. In goge tagogi da tsumma, in ɗaga katifa in jingine ta, in buɗe ƙofa kamar minti 15 iska ta ratsa. Ƙanena, taɓa ƙarƙashin katifar nan ka ji. A bushe take ko? Madalla. Ajiye kyamarar ka zo mu sha shayi. 'Yan'uwa, sai mun haɗu a darasi na gaba, wassalamu alaikum.