Kuɗin ƙananan hukumomi da makomar garuruwanmu: jawabi a taron shekara na ƙungiya

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa da suka riga mu zuwa wannan ƙasa ta Ingila, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa maza da mata, da ɗalibanmu waɗanda suka ajiye karatu suka shigo jirgin ƙasa tun da asuba, ina yi muku barka da zuwa. Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan manufofin gwamnatocin jihohinmu da muhawarar da ake tafkawa a kansu a gida. Fagen yana da faɗi, domin akwai batun tsaro, da haraji, da albashi, da sarauta, da bashin da jihohi ke ciyowa. Na zaɓi in tsaya a kan abu guda wanda nake ganin ya fi shafar aljihun kowa a wannan zaure, wato tambayar wane ne ya kamata ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomi.

Tun daga watan Mayun 2024, lokacin da Majalisar Dokokin Jihar Kano ta soke dokar masarautu ta 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya mayar da Muhammadu Sanusi II kan karaga alhali Aminu Ado Bayero yana gidan Nasarawa, zauren WhatsApp na ƙungiyarmu bai huta ba. An yi musu, an yi fushi, har wasu sun fice sai da dattawa suka lallaso su. Ba na raina wannan batu, domin sarauta tarihinmu ce da martabarmu. Amma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya shafi kowace ƙaramar hukuma a Najeriya, kuma da na koma na bi saƙonnin makon da aka yanke shi a zaurenmu, mutum biyu kacal na ga sun ambace shi.

Ga yadda lamarin yake. Duk wata ana raba kuɗin asusun tarayya gida uku: gwamnatin tarayya tana karɓar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60. Sai dai sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta nan ne kason ƙananan hukumomi ke bi kafin ya isa hannunsu. A aikace, wannan asusu ya zama ƙofar da gwamna ke riƙe da makullinta. Ana cire albashi, ana cire kuɗin ayyukan haɗin gwiwa, ana cire kason masarautu da na fansho, abin da ya saura a miƙa wa ciyaman, wani lokaci ma ba ya wuce na gudanar da ofis. Inda gwamna bai ga damar yin zaɓe ba, sai ya naɗa kantomomi su yi shekaru, duk da cewa sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su shugabanci ƙananan hukumomi. Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya maka gwamnoni 36 a kotu, Kotun Ƙoli kuma ta ce a riƙa biyan kuɗin kai tsaye, ta haramta wa gwamnoni riƙe su, ta kuma ce ƙaramar hukumar da kantoma ke mulki ba ta cancanci kaso ba. Fiye da shekara guda bayan hukuncin, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ba ta daina kokawa cewa ba a aiwatar da shi yadda kotu ta faɗa ba.

Abin da ya sa wannan ya dame ni, na gan shi da idona. A ziyarata ta ƙarshe na je duba ajujuwa biyu da wannan ƙungiya ta yi wa rufi a wata makarantar firamare da gudummawarku. Kwanon yana nan sabo, Allah Ya saka muku da alheri. Na tarar da yara zaune a ƙasa a kan buhunan da suka zo da su daga gida, malami ɗaya yana kai da kawo tsakanin ajujuwan biyu, alli a hannunsa guntu ne wanda bai kai kan yatsa ba, kuma ya gaya mini da kuɗinsa ya saya. Daga nan na ratsa ta asibitin sha-ka-tafi na garin da hantsi, na same shi da kwaɗo a ƙofa, wata mata zaune a gindin darbejiya da yaro a cinya jikinsa zafi rau, tana jiran ma'aikacin da ba ta san ko zai zo ba. Makarantar firamare, da ƙaramin asibiti, da rijiyar burtsatse, da magudanar ruwa, da kasuwar ƙauye, duk suna cikin abubuwan da aka kafa ƙaramar hukuma domin su tun garambawul ɗin 1976. Mu kuwa a nan, bayan mun biya hayar ɗaki da harajin ƙasar da muke zaune, abin da muke tarawa muna aikawa yana tafiya ne wajen toshe waɗannan ramuka. Kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikawa gida a shekara ya kai kusan dala biliyan 20, kuma kowa a nan ya san nawa ne daga cikin nasa ke ƙarewa a kuɗin magani da kuɗin makarantar kuɗi ta 'ya'yan 'yan uwa, saboda ta gwamnati ba ta riƙe su ba.

Kuma ba a lokacin fatara ake wannan magana ba. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira, yawan nairorin da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai. Talaka shi ya biya kuɗin wannan ƙari a gidan mai, da tashar mota, da wurin mai awo. Saboda haka yana da cikakken haƙƙin tambayar inda rarar ta shiga. Gaskiya ne cewa tsadar kaya ta cinye wani ɓangare, kuma mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, har Kano ta ce za ta biya 71,000, Kaduna 72,000. Amma albashi kaɗai bai isa ya zama amsa ba.

Adalci ne in kawo hujjar gwamnoni, domin tana da nauyi, kuma wanda ya yi watsi da ita bai san tarihi ba. A farkon shekarun 1990, zamanin Janar Babangida, an miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar ilimin firamare da albashin malamai, sai malamai suka yi watanni ba a biya su ba, makarantu suka rufe saboda yajin aiki, har dole aka sake tsari. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana cewa kada a bar albashinsu a hannun ciyamomi. Ko a 2025, malaman firamare na Abuja sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya su sabon albashi ba. Akwai kuma ƙananan hukumomin da kasonsu bai isa ya biya ma'aikatansu ba, sai an ɗebo daga na wasu an cike musu, kuma asusun haɗin gwiwa ne ke ba da damar hakan. Bayan haka akwai tsoron da kowa ke faɗa a majalisar hira: idan aka tura kuɗi kai tsaye ba tare da mai sa ido ba, ɓarnar da ake yi a wuri guda za ta watsu wuri 44 a Kano, 34 a Katsina, 27 a Jigawa.

Na auna wannan duka, kuma ra'ayina shi ne a bi hukuncin kotu, a tura kuɗin kai tsaye, amma a fara cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya tun daga tushe, a ajiye shi inda ciyaman ko gwamna ba zai taɓa ba. Dalilina shi ne kusanci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomin da ke ƙauye ba zai taɓa ganin gwamna ido da ido ba, amma ya san gidan su ciyaman, ya san masallacin da kansila ke sallah, yana haɗuwa da su a wurin suna da jana'iza. Muddin kuɗin yana babban birnin jiha, ciyaman yana da amsa a shirye, cewa ba a sakar masa ba. Ranar da kuɗin ya sauka a asusunsa, wannan uzuri ya ƙare.

Sai dai tura kuɗi ba zai yi amfani ba idan gwamna ne ke zaɓar wanda zai karɓa. Bayan hukuncin kotu jihohi sun yi rige-rigen shirya zaɓe. A watan Oktoban 2024, NNPP ta lashe duk kujerun ciyaman 44 a Kano, APC ta lashe duk 23 a Kaduna da duk 27 a Jigawa, kuma haka abin ya kasance a yawancin jihohin da PDP ke mulki a lokacin. Na ambaci jam'iyyun ne domin kowa ya ga cewa babu wadda hannunta ya fita. Babu jihar da mutanenta suka zama baki ɗaya haka. Hukumomin zaɓe na jihohi gwamna ne ke naɗa su, shi ke ba su kuɗi, don haka ake muhawara a kan ko a miƙa zaɓen ga INEC, ko a kafa wata hukuma ta dabam. Kowanne aka zaɓa sai an gyara kundin tsarin mulki, gyaran kuma yana buƙatar amincewar majalisun jihohi 24, kuma a nan ne ƙudirin 'yancin ƙananan hukumomi ya maƙale a gyaran da aka kammala a 2023. Wato 'yan majalisar jiha, waɗanda yawancinmu ba mu ma san sunan mai wakiltar mazaɓarmu ba, su ne ke riƙe da wuƙa da nama.

Wannan batu yana da alaƙa da muhawarar 'yan sandan jihohi. Wanda garinsu yake Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa ake neman jami'an da suka san daji da mutanensa, kuma tuni Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a farkon 2024. Amma iyayenmu da ke zaune a sahun gaba suna tuna 'yan dokan En'e, wato 'yan sandan da ke ƙarƙashin sarakuna a da, da abin da 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU suka gani a hannunsu kafin a haɗe su da 'yan sandan Najeriya a zamanin Gowon. Gwamnan da ya saba riƙe kuɗin da kotu ta ce ba nasa ba ne, ya kuma saba cinye zaɓe kaf, dole a yi tunani sosai a kan irin takunkumin da za a sa kafin a damƙa masa masu bindiga.

Mu da ke waje doka ba ta ba mu damar jefa ƙuri'a daga inda muke ba, amma muna da abubuwan da na gida ba su da su. Babu kwangilar da za a hana mu, babu wanda zai yi mana canjin wurin aiki zuwa ƙauye mai nisa don mun yi tambaya, kuma a cikinmu akwai akantoci, da lauyoyi, da likitoci, da masu aiki a ƙananan hukumomin wannan ƙasa, waɗanda suka ga yadda ake buga kasafin kuɗi kowa ya karanta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma a intanet, amma da Turanci yake, cikin jadawalin da mutumin ƙauye ba zai taɓa buɗewa ba. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardun yadda aka kashe kuɗi. Yin tambaya ba rashin kunya ba ne ga shugabanni, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Don haka, mai girma shugaba, ina gabatar wa wannan taro shawara. A kafa ƙaramin kwamiti na masu sa kai, a tabbatar akwai mata a ciki, kuma kada a sa wanda ke riƙe da muƙami a reshen wata jam'iyya. Aikinsa shi ne duk wata ya ciro kason ƙananan hukumomin da membobinmu suka fito, ya mayar da shi Hausa, a rubuce da kuma saƙon murya na minti biyu wanda za mu tura wa 'yan uwa da ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu. Sannan daga yau, kafin mu sa hannu a gyaran wata makaranta ko asibiti, mu rubuta wa ciyaman da hukumar ilimin bai ɗaya ta jihar, mu nemi alkawari a rubuce na malaman ko ma'aikatan da za su turo, mu ajiye kwafin takardar a wurin mai gari da shugaban makarantar. Taimakonmu ba zai tsaya ba ko da ba su amsa ba, domin yaran nan namu ne, amma za mu karanta sunan duk ofishin da ya amsa da wanda ya yi shiru a taronmu na baɗi idan Allah Ya kai mu. Wanda yake son shiga kwamitin ya ba sakatare sunansa da na ƙaramar hukumarsa kafin a tashi sallar la'asar.

Na gode da sauraro. Wassalamu alaikum warahmatullah.