Zaman Zango: Baba Saje da labarin Monrovia

Rabi: Assalamu alaikum jama'ar Zango. Daga unguwar Nima a Accra, Ghana, muke, ni Rabi da Sani, yau kuma Baba Saje, tsohon soja, ya zauna tare da mu. Baba, ina gajiya?

Baba Saje: Gajiya ta bi lafiya, 'yata. Gwiwar nan ce kawai ta ƙi sallamata.

Sani: Baba, tun muna yara muke jin kun je Laberiya.

Baba Saje: Mun je. Agustan 1990 jirgin ruwa ya sauke mu a tashar Monrovia, ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, kwamandanmu Janar Arnold Quainoo. Rabon faɗa aka ce za mu yi, amma tun kafin mu taka ƙasa wuta ke tashi. Ba a yi wata guda ba mutanen madugun 'yan tawaye Prince Johnson suka kama Shugaba Samuel Doe a hedikwatarmu.

Rabi: Me ya fi tsaya muku a rai?

Baba Saje: Wani yaro a shingen hanya. Silifas a ƙafarsa, gashin kanti irin na mata a kansa, bindigar tana jan ƙasa. Idonsa jawur. Na miƙa masa biskit, ya karɓa da hagu, don damar na kan kunamar bindiga. Shi ya sa in na ji matasa a majalisa suna cewa a shiga ƙasa kaza a yi maganinsu, sai in ɗauki butata in tashi.

Sani: Amma Baba, a yi mini afuwa, mutane na cewa sojan da ya je aikin Majalisar Ɗinkin Duniya da dala yake dawowa, har ya gina gida.

Baba Saje: Ba su yi ƙarya ba. Ɗakunan da nake ciki da kuɗin aikin Majalisar a Lebanon na yi su. Wa ya gan ni daren Kirsimeti, yara na fasa abin wasan wutar nan, ni kuwa ina kwance a ƙasa bayan ƙofa? Mamarku ce kaɗai ta sani. A zamaninmu ba mai tambayar abin da ke cikin kanka. A karɓi kaki, a ce Allah ya ba da sa'a.

Rabi: Kuma wai mahaifinku ma soja ne.

Baba Saje: Burma ya je, yaƙin duniya na 2. Da Hausa ake magana a bariki lokacin, har Turawan hafsoshi sai da suka koya. Sunan Burma Camp, barikin soja na Accra, daga can ya samo asali. Da suka dawo, alkawarin aiki da kuɗi ya bi ruwa. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna a Osu da takardar koke, ɗan sandan Ingila Imray ya buɗe wuta a mararraba. Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka faɗi. Garin Accra ya kama da wuta, shekara 9 bayan nan aka samu 'yanci.

Sani: Duk shekara kuwa ana ajiye furanni a wurin.

Baba Saje: Ana ajiyewa, madalla. Tun 2012 ma akwai dokar da ta kafa hukumar tsofaffin sojoji, VAG. Amma fansho bai san farashin maganin hawan jini ba. Abin da ya fi damuna matan 'yan uwanmu da suka rasu. Tsohuwa ba ta karatun boko, littafin sallamar mijin ya ɓace a ambaliya, a ce ta je ta kawo. Kuɗin trotro, motar haya, ma aiki ne. Ku masu ilimi, ko mutum ɗaya ya raka ta ofis, ya cike mata takarda, ya taimaka.

Rabi: In jikanku ya ce zai shiga soja fa?

Baba Saje: Wane in? Ja'irin ya riga ya cike fom, sai daga baya na ji a bakin uwarsa.